Kafin ka ciyo bashin kaji 500, leƙa akurkin gidanku

A semestar da ta wuce, ranar da muka miƙa takardun tsarin kasuwanci na kwas ɗin EED, ni aka sa na tattara na ajinmu na kai ofis. A hanya na ɗan bubbuɗa, Allah Ya yafe mini. Cikin takardu 60 da 'yan kai, kusan 20 kiwon kaji ne, kuma duk kamar uwa ɗaya ta haife su: buroila 500, sati shida, a sayar, a kwashi riba, a sake zubawa. Wani ma 1,000 ya rubuta, alhali na san abincin ranar da ya ci bashi ne. Ban yi wa kowa dariya ba, don ni ma abin da ke kaina ke nan tun muna ND 1. Bambancina da su kawai, ni na gwada, na kuma ɗanɗana kuɗata.

Abin da ya ba ni haushi shi ne babu ko mutum ɗaya da ya ambaci kazar da ke yawo a tsakar gidansu. Mafi yawanmu fa daga gidajen da zakara ke tashin mutane da asuba muka fito. Mun taso muna korar kaji daga kan shanya, muna laluben ƙwai a bayan rumbu ko ƙarƙashin tarin itace. Amma da muka shigo makaranta aka ce mu rubuta sana'a, sai muka tsallake wannan duka muka tafi gonar da ba mu da filinta, ba mu da jarinta. A ganina wannan raini ne, kuma rainin yana janyo mana asara, mu da iyayenmu mata.

Bari in fara da tawa asarar, don kada a ce ina wa'azi daga kan benci.

Bara, ana saura wata biyu ƙaramar Sallah, muna hutu, na haɗa ɗan abin da na tara a shagon POS ɗin da nake tsare wa wani, na kuma lallaɓa Umma ta ba ni kwasar adashenta. Na sayi 'yan tsaki 50, 'yan kwana ɗaya, irin waɗanda ake lodowa a kwali daga Ibadan su kwana a mota. Na zuba su a wani kangon ɗaki na kawuna, rufin kwano, babu silin. Sati na farko bakwai suka tafi, wasu sanyin asuba, wasu danne su aka yi a gefen kaskon gawayi. Na ce ba komai, dama an ce akan samu haka.

Abinci ne ya fara nuna mini iyakata. Buroila ɗaya takan cinye kilo huɗu zuwa biyar kafin ta isa yanka. Kaji 50 ke nan suna neman wajen buhu tara mai kilo 25. Ni a takardata buhu shida na rubuta, kuma tsakanin buhun farko da na ƙarshe sau biyu farashi yana tashi. A sati na biyar, cikin azumi, wata rana aka yi zafin nan da kwano ke ƙara kamar zai tsage. Na dawo da la'asar na tarar da tara a kwance, baki buɗe, kuma manyan ciki ne, don masu nauyin su suka fi kasa jure zafi. Saura 34. Sallah ta zo, ashe duk unguwa dabara ɗaya muka yi, kowa ya fito da nasa rana ɗaya. Buroilar da ta isa sayarwa kuwa ba ta jira, kullum ta kwana a hannunka ribarka take ci, kuma dillali ya fi ka sanin haka. Ƙarshe wani mai gasa kaji ya kwashe rabi bashi. Har yau da nake wannan rubutun akwai sauran kuɗina a wajensa, in mun haɗu ma shi yake fara gaishe ni da fara'a.

Da na zauna da kalkuleta, kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin ya tafi, ban da wahalata. Ni ɗalibin akanta ne fa.

Da lokacin rajistar ND 2 ya zo ba ni da ko sisi, ga kunyar kuɗin adashe. Ni ne ɗan fari, Umma ba ta kiran sunana, tunda na shiga makarantar nan "Akanta" take ce mini, rabi wasa rabi zolaya. Rannan da safe tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Akanta, kamo mini jan zakaran can da 'yan uwansa huɗu, ka haɗa da zabin nan. Gobe kasuwa." Zakaru biyar, zabi huɗu, da wani ɗan bunsuru wanda shi ma da kuɗin kaji ta saye shi shekarar da ta gabata. Da su na yi rajista. Takardar shaidar biyan tana cikin fayil ɗina, babu inda aka rubuta kaza a jiki, amma ni na san wa ya biya.

Tun daga ranar na fara kallon kajin nan da idon lissafi. Umma ba ta taɓa sayen buhun abinci ba. Dusar surfe, tsakin da ya rage a tankaɗe, ƙanzo, ragowar tuwo, sai abin da suka tono da kansu: gara, tsutsa, fara, ɗanyar ciyawa. Injin ƙyanƙyasarta kaza ce, kwana 21 cif, ba ruwanta da an ɗauke wuta ko an kawo. Ita ce kaskon gawayin da ke ɗumama 'yan tsaki, ita ce mai gadin da ke fuskantar shirwa. In damina ta faɗi a sa mata ƙwan zabi ta kwanta a kai, nan da sati huɗu ta fito da 'ya'yan da ba nata ba ta riƙe su. Sannan zakaran gida in kasuwa ba ta yi kyau yau ba, sai ka dawo da abinka ka sake shi, ba ya bin ka bashin komai. Wannan 'yancin na ƙin sayarwa, wanda bai taɓa tsayawa gaban dillali da buroila a hannu ba ba zai gane darajarsa ba.

Wani abokina da ke sashen noma, muna ɗaki ɗaya a hostel, ya ce mini duk wannan daɗin baki ne. Ya ce kazar gida a shekara ƙwai 40 zuwa 60 take yi, ta gidan gona mai ƙwai kuwa tana kusantar 300. Zakaran gida sai ya yi wata biyar ko shida kafin ya kai abin yanka, buroila sati shida zuwa takwas. Ya ce, "Malam, kazar Hausa ba sana'a ba ce, asusu ce." Alƙalumansa gaskiya ne, ban musa ba. Kuma ban ce garuruwa irin Kano da Kaduna za su ci ƙwai su ƙoshi da kajin tsakar gida ba, dole sai da manyan gonaki. Amma kalmar asusun da ya faɗa don ya rage mata daraja, ni a wajena yabo ce. A 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya ajiye naira a gwangwani ko a banki, kuɗinsa narkewa suka yi yana kallo. Wadda ta ajiye kaza, farashin kazarta ya bi na kasuwa ya hau, ta kuma haihu a hanya. Ku nuna mini wani asusun da yake haka.

Inda na saɓa da abokina sosai shi ne a kan mene ne ainihin ciwon kiwon gida. Shi yana ganin ƙarancin ƙwai ne. Ni na ce mutuwa ce. Kuma ba da ka na faɗa ba. Bayan faɗuwata na sayi littafi mai shafi 40 na ba ƙanwata da ke aji biyar a sakandare, na ce duk kazar da ta ƙyanƙyashe ta rubuta rana da adadi, duk ɗan tsakon da ya ɓata ta rubuta, da dalili in an sani. Daga Mayu zuwa Satumba kaji shida suka fito da 'yan tsaki 74. Waɗanda suka kai wata biyu 23 ne. Sauran 51 fa? Shirwa, muzuru, ruwan sama da ya dake su a waje, kwatami, robar wanki da aka bari da ruwa, wasu kuma yunwa ce kawai, uwar tana ta jan su yawo har ƙafafunsu su gaza. Umma da na karanta mata sai ta ce, "To ai haka kaji suke." Gidan kowa haka ake cewa. Mun saba da asarar har mun daina ganin ta asara ce. Da wani kamfani ne ke rasa biyu cikin uku na kayansa a sito, da tuni an kori manaja.

Wancan na ƙanana ke nan. Na manya kuma yana zuwa da hunturu. Kowa a cikinmu ya san shekarar da aka wayi gari kaji suna gyangyaɗi, fukafukai a sake, kashi kore-kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama, kafin sati guda akurki ya zama wayam. A gidanmu annoba kawai ake cewa. Likitocin dabbobi suna kiran ta Newcastle, sunan garin nan na Ingila mai ƙungiyar ƙwallo, don a can aka tantance ta kusan shekara 100 da suka wuce. Bairos ce. Ma'ana kafson nan mai ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwan kaji ba ya taɓa ta, haka barkono, haka ɓawon maɗaci da gautan kura da kakanninmu ke jiƙawa. Ban raina su ba, wataƙila suna da nasu amfanin a wani ciwon, amma wannan in ta shiga ta shiga. Abin da ya fi muni, da an ga kaza ta fara gyangyaɗi sai a yi maza a kai sauran kasuwa kafin su mutu, wani ya saya da araha yana murna, ya kai wa nasa garken ajali.

Rigakafinta kuwa yana nan, a ƙasar nan ma ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take tun 1924, tana yin Lasota, tana kuma yin wani da ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar musamman saboda kajin ƙauye, don ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, babba da ƙarami, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalbar da na saya a watan Oktoba, bayan wani likitan dabbobi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake haɗawa da ɗigawa, Lasota ce ta kaji 200, kuma kuɗinta bai kai na kaza ɗaya ba.

To me ya sa iyayenmu ba sa yi? Nan ne na gane cewa matsalar ba ta kimiyya ba ce, ta tsari ce. Kwalba ta kaji 200 ce, gida kuma yana da 12 ko 15. Da an haɗa ta da ruwanta, cikin awa ɗaya zuwa biyu ta tashi aiki, ba a ajiye saura. Kafin a haɗa kuma dole tana cikin sanyi tun daga shago har ƙofar akurki. Shagon yana birni. Masu kajin mata ne, da yawansu ba sa fita, waɗanda ke fita ma ba za su biya kuɗin mota zuwa birni saboda kaji goma ba. An yi kwalbar ne da mai gona a rai, ba a yi ta da Umma a rai ba. Sai an samu wanda zai haɗa gidaje 10 ko 15 a rana ɗaya, ya zo da kula da ƙanƙara, ya ce kowa kada ya saki kajinsa da safe. Wa ya fi dacewa da wannan in ba mu ba? Mu ne muke zirga-zirga tsakanin birni da gida duk ƙarshen sati ko duk hutu, mun iya karanta abin da ke jikin kwalba, kuma a unguwa an san 'ya'yan wane ne mu.

Mun yi gidaje 14 a wata Asabar, kaji 163, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Na ce "mun", amma gaskiya ƙanwata da ƙawarta ne suka yi aikin. Ni ƙato ne, gidan aure ba a shiga, a zaure nake tsayawa da kula da littafi, yara suna miƙo mini na kusa, su kuma suna ciki suna kamawa suna ɗigawa. Don haka 'yan uwana ɗalibai mata, wannan maganar ta fi shafar ku. Ƙofar da za a buɗe muku da sallama ɗaya, ni sai na yi aike uku.

Ba lafiya lau aka gama ba. Bayan kwana biyar wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Goggo muke ce mata, ta shigo gidanmu da matattun kaji biyu a hannu, ta ce da ni, "Ɗan nan, kajina lafiyarsu ƙalau ka zo ka ɗiga musu abu a ido. Ga abin da bokonka ya ja mini." Huɗu ta rasa. Na rasa bakin magana, cikina ya ɗuri ruwa, don in labarin ya zaga unguwa shi ke nan, ba ni ba, har Umma sai ta ji kunya. Daga baya aka gano ɗanta ya sayo zakara a kasuwa kwana uku kafin mu zo, ya sake shi cikin sauran, kuma shi ya fara mutuwa. Rigakafi sai ya yi sati ɗaya zuwa biyu kafin ya fara kare kaza, kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Laifina ne da ban tambaya ba. Yanzu kafin a buɗe akurki sai na tambayi abu biyu: akwai mara lafiya? An kawo baƙuwa cikin satin nan? In an ce e, sai wani zagayen. Umma ta ɗauki budurwar kaza ɗaya ta aika wa Goggo, ba don mun yarda da laifi ba, don maƙwabtaka. Hunturun ya zo, annoba ta shiga unguwar da ke bayan makarantar firamare ta yi ɓarna. A gidaje 14 ɗin nan an rasa ɗaiɗaiku, amma ba akurkin da ya tashi.

Na 'yan tsaki ya fi sauƙi, har abin ya ba ni kunya. Wayar raga yadi kaɗan, katakon da aka yar a wurin gini, tsohon kwano a sama. Uwa da 'ya'yanta su zauna ciki sati huɗu zuwa shida, a riƙa matsar da kejin wuri mai tsabta da inuwa. Ruwa a murfin roba marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Abinci tsaki da dusa, amma hatsi kaɗai ba ya gina jikin ɗan tsako, sai da abin da zai maye ƙwarin da ba ya fita kamawa. Nan tsohuwar dabarar gara take shigowa: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, washegari ko jibi a ɗaga a kakkaɓe musu. Kyauta. Toka a kwano don su yi birgima, tana rage ƙwarƙwata. Daga Oktoba zuwa yanzu an ƙyanƙyashe 38, 29 sun wuce wata biyu. Na san malaminmu na ƙididdiga zai ce lokacin damina daban na rani daban, kuma gida ɗaya ba ya zama hujja. Gaskiyarsa. Shi ya sa nake so a samu gidaje 50 masu littafi, ba ɗaya ba. Wani amfanin da ban zata ba, kazar da aka raba da 'ya'yanta da wuri takan koma saka ƙwai da wuri, ba ta ɓata wata uku tana yawo da su.

Akwai kuma wani abu da muke yi da hannunmu sannan mu dawo muna zagin kajin Hausa wai ba sa girma. Baƙo ya zo, wanne ake kamawa? Babban zakara. Sallah ta zo, za a kai kasuwa, wanne? Babban zakara, don shi zai yi kuɗi. Wa aka bari a gida ya zama uban garke? Ɗan ƙanjamammen da ba wanda ya so. Shekara da shekaru muna yanka nagari muna barin na baya ya haifa, kuma shi ɗin yana bin uwarsa da 'yan uwansa, jini ɗaya yana ta juyawa a tsakar gida ɗaya. Manomi ba ya cinye zangarniyar da ta fi kyau, ita yake ratayewa iri. A kaji ne kawai muke yin akasin haka. Ni kaina, cikin zakaru biyar da aka sayar don rajistata har da wanda ya fi kowanne ƙirji, kuma da na san abin da na sani yanzu da na roƙi Umma a bar shi. Gyaran ba ya cin kuɗi. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma. A zaɓi wanda ya fi saurin girma a cikin sa'anninsa a ce wannan ba na wuƙa ba ne. Duk shekara a yi musanya da wani gida mai nisa, ko dangi a wani ƙauye, a kuma killace baƙon sati biyu kafin a haɗa shi da sauran. A mata kuma a riƙe wadda ke ƙyanƙyashe goma cikin sha biyu, wadda in shirwa ta kawo sura take tashi sama ta tare ta. Ƙwan da za a sa mata kada ya wuce 10 zuwa 12, kada ya haura sati da 'yan kwanaki da sakawa, a yi masa alama da gawayi. In ya kwana bakwai zuwa goma a ƙarƙashinta, ka haska shi da fitilar waya cikin duhu, mai rai za ka ga jijiyoyi, wanda yake fayau a cire. Har mai wuyan nan marar gashi da yara ke tsokana, kada a raina ta, ta fi sauran jure zafi.

Za a ce ai akwai ingantattun iri. Akwai, kuma abin alfahari ne: ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Shika a Zariya ta samar, FUNAAB Alpha daga jami'ar noma ta Abeokuta, ga Noiler da ta cika kasuwa yanzu. Suna girma da sauri, suna ƙwai da yawa, wanda yake da halin ƙara musu abinci ya gwada. Sai dai a san abin da ake saya. Yawancin irin waɗannan ba su cika kwanci ba, don an zaɓe su ne su yi ta saka ƙwai. Da na kawo wa Umma shawarar mu kawar da nata mu zuba su, tambaya ɗaya ta yi mini: "Kazar da ba ta kwanci, wa zai ƙyanƙyashe mata, kai?" In ka kawar da masu kwanci gaba ɗaya, ka koma layin masu jiran kwali daga Ibadan ke nan duk zagaye. Abin da ya fi, a ajiye su gefe, a sa wa kazar gida ƙwansu.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na ce zai sayi mota da kajin tsakar gida. Ba zai saya ba. Tsakar gida tana da iyakar bakin da za ta iya ciyarwa, in kaji suka wuce abin da dusar gidan da tonon bayan gida za su ɗauka, ka fara sayen hatsi, lissafin ya canza. Mai zaman haya a ɗaki ɗaya cikin birni, wannan ba tasa ba ce, balle hostel, don Allah kada in ji cara a bulok ɗinmu a ce ni na jawo. Kaji suna haɗa faɗa da maƙwabta lokacin shuka. Kashinsu a inda yara ke rarrafe ciwo ne, kuma kwana da kaji a ɗaki ko a madafa ya kamata a daina. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006 har yanzu takan dawo, tana kuma iya kama mutum, don haka in kaji suna zubewa farat ɗaya, a binne, a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada a yi saurin sa wuƙa don a ci. Abu na ƙarshe, kajin nan na iyayenmu mata ne. Kusan su ne kaɗai dukiyar da mace ke sayarwa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Kada mu koma gida da difloma mu ƙwace musu da sunan gyara. Ni kaji biyu Umma ta ba ni riƙo, muna raba 'ya'ya, kuma ita ke da ta cewa ranar sayarwa.

Ga roƙona. Duk shekara 'yan injiniya suna ƙera injin ƙyanƙyasa mai lantarki a firojek, a ba su maki, a jingine shi a bayan wokshop ƙura ta rufe, don ƙauyen da aka ce an yi wa ba shi da wutar da za ta riƙe shi kwana 21. Mutum ɗaya ya ƙera mana kejin 'yan tsaki mai sauƙin ɗauka wanda kuɗinsa bai wuce na zakara ɗaya ba, wani ya yi ƙaramar kula da za ta riƙe sanyi awa shida a kan babur. 'Yan ƙididdiga da mu 'yan akanta, maimakon kwafo firojek ɗin 2015 a canza shekara, ga littattafan gidaje nan suna jiran mai lissafi. Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai, cikin abin da ake kashewa a makon ɗalibai, a ware na yini ɗaya a gayyato likitan dabbobi ya koya wa masu so yadda ake riƙe rigakafi da ɗiga shi, kafin a tafi dogon hutu, a sayi kuloli ko da goma ne a riƙa ba da aro. Na kai wannan maganar ofishin ƙungiya a rubuce, na kuma sa ta a nan don kada takardar ta kwana a durowa.

Mun yi zagaye na biyu a Fabrairu, gidaje 19. Goggo ba ta ce mini komai ba, jikanta kawai na gani a zaure da kwando, kaji bakwai a ciki, ya ce an ce a ɗiga musu. Na uku zai kama bayan mun gama jarrabawar ƙarshe, kuma gidajen da suka yi magana sun fi ƙarfin kwalba ɗaya da mutum uku. Wanda garinsu yake hanyarmu, musamman mata, ya neme ni a sashen akanta, ND 2.